Goyon Faifai na Uku

Shekarar da gyaɗa ta mutu a gonaki, siton ajiyar gyaɗa da ke bayan kasuwar Ƙanƙara ya zama wurin kwanan awaki. Ba a daɗe ba Sanusi ya dawo daga Kaduna, inda ya yi shekara biyu yana aikin kwangilar titi. Ya dawo da wando mai faɗin ƙafa, da injin majigi, da ƙaramin janareta a bayan wata tsohuwar a-kori-kura. Ya karɓi siton, ya kori awakin, ya toshe tagogi da tsofaffin buhuna, ya shafe bango ɗaya da farar ƙasa. Ko da rana tsaka cikinsa duhu ne. Ranar kasuwa, ana idar da sallar azahar, sai ya nuna fim. Ranar kasuwar Faskari da ta Sabuwa kuma ya loda kayan a mota ya tafi can.

Mai unguwa ya yarda, amma da sharaɗi biyu: a tashi kafin la'asar ta wuce, kuma mace ba ta shiga.

Finafinan da Sanusi yake ɗaukowa haya daga Funtuwa tsofaffi ne, sun sha yawo a manyan garuruwa kafin su iso. Kowane fim faifai uku ne, kowane faifai cikin gwangwaninsa mai faɗin murfin babbar tukunya. Zaren fim ɗin, wato doguwar ledar da hotunan ke jere a kai, ya bushe, inji yana ja yana tsinkewa. Yatsun Sanusi kuwa kaurara ne, na wanda ya saba da shebur. In ya haɗa sai ya karkace, inji ya sake cinye shi.

Ƙanwarsa Lauratu ɗinkin hula take yi. Wata rana ta gan shi a tsakar gida yana zagin zaren, sai ta miƙa hannu ta karɓa. Ta yanke bakin da reza daidai kan layi, ta kankare santsin gefe ɗaya, ta ɗiga jan farce da tsinke, ta daidaita hudojin gefe, ta danne da gindin kofi. Haɗin ya riƙe. Daga ranar aikin ya zama nata.

Da haka ta san finafinan nan fiye da kowa a garin, alhali ba ta taɓa ganin ko ɗaya a bango ba. Sanusi ya ba ta wani tsohon idon inji da ya tsage, gilashin nan mai ƙara wa hoto girma. Sai ta zauna bakin ƙofar ɗaki, ta ɗaga zaren ga hasken rana, ta bi shi hoto bayan hoto. Kowane hoto bai kai farcen ɗan yatsa ba. Ta san fuskokin 'yan Canis, da gashinsu ɗaure a tsakar ka, da gidajensu masu rufi kamar ƙahon sa. Amma ba ta taɓa jin muryarsu ba, ba ta taɓa ganin ɗayansu ya motsa ba.

Ba ta cika magana ba. In abokan Sanusi suka yi sallama, ɗaki take shigewa. Ko talla ba a ɗora mata ba tana ƙarama, don in mai saye ya tambaye ta kuɗi sai ta sunkuyar da kai. Namiji ɗaya ne take iya mayar wa magana, Mani ɗan gwaggonta, taubashinta, wanda ya bar dambe ya koma tsaron ƙofar sito.

Wani mako Sanusi ya kawo wani fim da ba a taɓa kawo irinsa ba. Jarumar mace ce. Ɗiyar mai fito ce a bakin wani babban kogi, tana tura kwalekwale da doguwar gora. Wani sarkin ruwa mai koren fuska ya nutsar da ubanta, ya hana mutanen ƙauyen ɗiban ruwa. Lauratu ba ta san sunanta ba, sai ta sa mata Mai Gora. An nuna a Faskari, maza sun yi ta ihu. Da aka je Sabuwa, inji ya kama faifai na uku ya tattauna shi. Sanusi ya dawo da shi cikin buhu, a cukurkuɗe kamar hanjin akuya.

"Laure, ki taimake ni," ya ce. "Gata kasuwarmu. Daga nan sai Funtuwa, mai shi shina jira."

Kwana uku ta yi a kansa. Ta ajiye hular da take ɗinkawa. Wuri talatin da ɗaya ta haɗa. Wasu guntayen sai da ta jera su a kan tabarma, ta duba inda hannun Mai Gora yake a wannan da inda yake a wancan, kafin ta gane wanne ke gaba. Idonta ya yi ja. Inna ta yi mata faɗa sau biyu kan tuwo ya huce.

A cikin faifan nan akwai wurin da ta fi komawa. Mai Gora ta iso bakin wani tafki cike da ganyen bado. Sarkin ruwa yana can tsakiya, ya rikiɗa ya zama ƙaton maciji mai ƙafafu da gemu. Babu kwalekwale. Sai ta taka ganyen bado na farko, bai nutse ba. Ta taka na biyu. Lauratu ta ƙirga hoto saba'in da biyu daga wannan gaɓa zuwa tsakiyar tafki. A zuciyarta tana ganin yarinyar tana tafiya a hankali, tana auna kowane ganye da yatsan ƙafa kamar mai tsallake rafi da tulu a ka. Tana so ta ga yadda ganyen ke yi in an ɗaga ƙafa daga kansa. Hoto ba ya nuna wannan.

Ranar kasuwa da safe Sanusi yana goge inji a zaure, ta zo ta tsaya jikin bango.

"Yaya."

"Kin gama?"

"Na gama. Ina so in gani."

"Ki ga mi?"

"A bango. Sau ɗaya. Yanzu da babu kowa, ka kunna mini na ukun kaɗai."

Sanusi ya yi dariya, ya ɗaga galan ɗin fetur ya girgiza. "Kin ji? Wanga kaɗai na samu, shi ma sai da na je har Malumfashi. Rediyo kullum cewa take mai ya yi mana yawa a ƙasa, ga shi ko na kunna fitila babu. In na ƙona miki shi da safe, da mi zan nuna wa mutane?"

"To in shiga tare da su."

Ya ajiye tsumman da ke hannunsa. "Ke Laure, kina da hankali? Kin san abin da ake kiran macen da ta shiga silima? Kuma mai unguwa ya ji, ya rufe mini sito?"

"Bara ka ce wata rana."

"To wata ranar ba ta zo ba."

"Gobe za ka mai da shi."

"Za a kawo wani."

"Ba Mai Gora za a kawo ba."

Ya tsaya yana kallonta. Ita kuwa ƙasa take kallo, tana murza bakin mayafi. Sai ta ce, "Ga na ɗaya da na biyu nan. Na ukun ni zan kawo da kaina. Kuma ba a ƙofa zan tsaya ba."

Sanusi ya fashe da dariya har ya dafa gwiwa. "Ke? Ke da ko mai manja ya yi sallama sai kin ɓuya bayan turmi? To Allah ya kai mu." Ya ɗauki gwangwani biyu, ya ce Mani zai zo ya karɓi ɗayan in an fara, don haɗin ya ƙara bushewa.

Bayan azahar ta ji ƙarar janareta daga nesa. Ta shiga ɗaki, ta ɗauko gwangwani na uku daga ƙarƙashin gado. Ta sunkuya, ta ɗora shi a gadon baya, ta jawo zane ta ɗaure a ƙirji. Gwangwanin yana zamewa. Ta kwance ta sake. Tana cikin ɗauri na uku Inna ta ɗaga labule.

Inna ta daɗe tana kallonta. Lauratu ta tsaya a sunkuye, hannu biyu a baya.

"Ɗiyar nan," Inna ta ce, "ƙanne nawa kika goya, har yau ba ki iya ba?" Ta buɗe adaka ta ɗauko majanyi. Ta ɗaga gwangwanin sama kaɗan, ta zagayo da majanyin ƙarƙashinsa, ta ja har sai da Lauratu ta yi nishi, ta ƙulle. Ta yafa mata mayafi. "Ni daka zan yi. Ban san inda kika tahi ba."

Mani ya yi sallama a zaure yana haki. "Ina baiwata? A miƙo mini gwangwani, na farko ya ƙare, an sa na biyu."

Ta fito. Ya dube ta, ya dubi tudun da ke bayanta, ya buɗe baki.

"La'ilaha illallahu. Yaushe aka yi suna ba a kira ni ba? Ɗan wa?"

"Ɗan Canis ne."

"To sauke shi in kai shi wurin dangin ubanshi."

"Kwance da kanka."

Mani ya miƙa hannu, sai ya tsaya. Ko a wasan taubasai akwai inda hannu ba ya zuwa. Ba namijin da zai kama ƙullin zanen budurwa a ƙirjinta, balle da rana tsaka a ƙofar gidan ubanta. Ya mai da hannun aljihu.

"Ke muguwa ce. Dama shirun nan naki na mugunta ne, ni na daɗe da sani."

"Wuce gaba, bawa, ka buɗe wa uwargijiyarka hanya."

"Sanusi zai yanka ni."

"Ba za a ci namanka ba, ka yi tauri."

Hanyar sito ta cikin kasuwa take. Lauratu rabonta da shiga kasuwa ranar cinta tun tana 'yar shekara goma. Ga manyan motocin hatsi, ga sababbin babura suna walƙiya, ga rediyoyi kowanne da tasharsa. Ta kafa ido a dugadugan Mani, ta bi.

A layin masu fura Baraka maƙwabciyarsu ta ƙwala mata kira. "Laure! Yau da wa muka tashi? Ɗan wa kika goyo, kin rufe mishi kai cikin zafin nan? Buɗe shi ya sha iska!"

"Barci yake," Mani ya amsa. "Ya sha duka a Sabuwa."

Ba yadda za a yi a kai sito ba a bi ta gaban rumfar masu awo ba, kuma a nan Babanta Malam Gide yake zama. Malam Gide yana tsaye da tiya a hannu, yana auna wa wani Bafillace dawa. Ya ɗago ya gan ta. Mani ya yi kamar an kira shi daga wani wuri, ya matsa gefe.

Lauratu ta je ta durƙusa. Gwangwanin ya daki ƙeyarta, ya yi ƙara irin ta ƙarfe. Mutum biyu a rumfar suka waiwayo.

"Ina za ki?"

"Sito, Baba."

"Aike?"

Da ta ce e, da ya wuce. Ta san haka. "A'a, Baba. Kallo."

Tiyar ta tsaya a iska, dawa tana zuba ta gefe. Baba ya dubi abokan awonsa, sun mai da ido kan buhunansu kamar ba su ji ba. Ba zai ɗaga murya a kasuwa ba, ba zai ja ta a gaban mutane ba.

"Kin san abin da za a ce?"

"Na sani, Baba."

"Kuma kin san ban yarda ba."

Ba ta tashi ba, ba ta kuma juya wajen gida ba.

Baba ya juye tiyar cikin buhun Bafillacen. "Sha ɗaya," ya ce da shi. Bai sake kallonta ba. "Yanzu awo nike. Maganarmu sai gida."

Ta tashi ta wuce.

Tun kafin su kai suka ji hayaniya. Faifai na biyu ya ƙare. Maza suna buga ƙafa, suna fito, suna dukan benci. Sanusi yana tsaye a ƙaramar ƙofar baya, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Da ya ga Mani hannu wofi, ya ga Lauratu a bayansa, sai fuskarsa ta sauya.

"Ina yake?"

Ta juya masa baya kaɗan, ya gani.

"Kwance. Maza kwance, don Allah."

"A ciki zan kwance."

"Laure, za su ƙona mini inji!"

"To mu shiga."

"Wallahi in kika sa na..." Ya ɗaga hannu. Ta runtse ido, amma ba ta ja da baya ba. Daga ciki wani ya yi ihu, "Sanusi! Ko ka sayar da ƙarshen ne ka sayi wando?" Dariya ta tashi, wani abu ya daki ƙofar langalanga.

"Ɗan'uwa," Mani ya ce, "ni na yi dambe shekara tara. In ka ga abokin karawa ya kafa ƙafa haka, ba ya faɗuwa. Buɗe mata."

Sanusi ya sauke hannu, ya tura ƙofar.

Zafi da warin taba da zufa suka dake ta. Ba ta ganin komai sai farin murabba'i a bango da hayaƙi yana yawo cikin haske. Ta laluba ta tsaya kusa da inji, ta juya wa mutane baya, ta kwance majanyi. Hasken ya kama gefen mayafinta.

"Kai! Mace!"

Wurin ya ɓarke. Wasu na fito, wasu na salati. Wani mai ƙaton murya, Salihu mahauci, ya miƙe a benci na gaba. "Sanusi, mi ke nan? Yaushe aka fara haka a garin nan? A fitar da ita!"

Lauratu ta rungume gwangwanin a ƙirji da hannu biyu, ta zauna a kan akwatin inji.

"Malam Salihu," Mani ya ce, "in ta fita, da ƙarshen fim za ta fita. Ga shi nan a hannunta. Wanda bai iya zama da mace a ɗaki ɗaya, ga ƙofa, na buɗe mishi. Mu za mu ba shi labari gobe."

Ya buɗe ƙofar gaba, hasken rana ya faɗo. Aka yi ta gunaguni. Wani tsoho ɗaya ya tashi ya fita yana tsaki. Sauran ba wanda ya motsa, don an bar Mai Gora a kan dutse, kwalekwalenta a fashe, sarkin ruwa yana dariya. Salihu ya zauna yana cewa shi dai ya faɗi gaskiya.

Ta miƙa wa Sanusi faifan. Ya zura zaren, ya murɗa.

Abin da ya fara ba ta tsoro girma ne. Fuskar da ta saba gani kamar ƙwayar wake ta cika bango, har ana ganin zufa a goshinta. Sai idon ya ƙifta. Lauratu ta kama bakin akwatin. Sannan murya. Ta ɗauka Mai Gora mai sanyin magana ce, irin wadda ba a ji sai an matso. Ashe muryarta tsini gare ta, tana yi wa maza tsawa suna ja da baya. Gora tana kuka in ta kaɗa ta. Ga ganguna, ga wani abin busa mai kama da sarewa. Duk inda hoton ya ɗan yi tsalle, Lauratu ta san haɗinta ne. Ta ƙirga tara, duk sun wuce lafiya, sai ta manta da ƙirga.

Ga tafkin. Ga bado. Ta matso gaba har ta kusa faɗowa daga kan akwati.

Mai Gora ta yi ihu, ta ruga. Fat, fat, fat, ta kai tsakiya.

Shi ke nan. Lauratu ba ta ko gama jan numfashi ba. Kwana uku tana kallon tafiyar nan, ashe ba tafiya ba ce, gudu ne, kuma ya wuce kafin ta san inda za ta sa ido. Ba ta ga ganyen ba ko ɗaya.

Maza suna ta ihu. Macijin ya ɗago kai daga ruwa. Sai inji ya yi wata ƙara, hoton ya karkace, bango ya yi fari.

"Ya tsinke!"

Sanusi ya kashe fitilar inji, ya haska tocila. Ba a haɗinta ya tsinke ba, wani tsohon wuri ne da ya bushe. Ya kama bakin zaren, ya kuɓuce masa. Lauratu ta kwance ƙullin bakin zanenta, ta fito da reza da 'yar kwalbar jan farce. Ta karɓe zaren.

"Haska nan," ta ce.

Tocilar Sanusi ta yi rauni. Salihu mahauci, da ya fi kowa kusa, ya zaro tasa mai batir uku, ya tsallako benci. "Matsa, kai ba ka iya komai ba." Ya haska mata. Ta yanke, ta kankare, ta ɗiga, ta danne da babban yatsa. Mutane sun kewaye ta, tana jin numfashinsu. Ba ta ɗaga kai ba.

"Dama ita ke yi?" wani ya tambaya.

"A'a, aljanu ne," in ji Mani.

Da haɗin ya kama, Sanusi ya miƙo hannu. Ba ta saki ba.

"Mai da shi baya. Daga bakin tafki."

"Laure, fetur."

"Ban gani ba. Ya yi sauri."

"In na mai da shi, ba lalle mu kai ƙarshe ba."

"Mai da shi."

Wannan karon kowa ya ji ta. Wasu suka ce a ci gaba, wasu suka ce ai wurin ya isa a maimaita. Ana cikin gardama ta sa yatsa ta juya faifan baya da kanta. Ta san wurin ko ba ta duba ba. Sanusi ya yi tsaki, ya zura, ya murɗa.

Yanzu ba ta kalli fuskar Mai Gora ba, ba ta kalli macijin ba. Ƙasa ta kalla. Ƙafa ta sauka, ganyen ya lotsa, ruwa ya hau gefensa. Ƙafa ta tashi, ganyen ya dawo yana rawa, ɗigon ruwa suna gangarowa daga kansa, wani zobe yana buɗewa a kan tafkin. Na biyu ma haka. Na uku ya ɗan juya. Lauratu ta ji dariya ta kubce mata da ƙarfi, a cikin ɗaki cike da maza, ba ta rufe baki ba.

Aka shiga faɗa. Macijin ya naɗe gorar, Mai Gora ta haye bayansa, ta kama gemun. Ya nutse da ita, ya fito. Ta tashi sama, gorar a hannu biyu, tsininta yana kallon ƙasa. Janareta ya yi tari sau biyu a waje. Muryar fim ta ja ta yi kauri kamar ta sa, hasken ya yi ja, ya mutu.

Duhu. Sai ihu.

Mani ya buɗe ƙofofi biyu. Sanusi ya fita ya girgiza galan, ya dawo ya ɗaga shi sama a kife. Aka yi masa ca. Wani ya ce a zuƙo daga babur, masu babura suka ce nasu ma da ƙyar zai kai su gida. Daga masallacin kasuwa aka fara kiran la'asar.

Salihu ne ya juyo. "Tsaya. Ke ɗiyar Malam Gide. Ke da kika gyara, ai kin ga ƙarshen. Ta kashe shi?"

Duk suka juyo gare ta. Ta miƙe, ta ninke majanyin Inna a hankali, ta yafa mayafi.

"Na gani," ta ce.

"To faɗa mana!"

"Ɗazu ka ce a fitar da ni. Ga shi zan fita."

Mani ya faɗi kan benci yana dariya yana dukan cinya. Ta bi tsakiyar mutane, suna matsawa, ta fita ta ƙofar gaba. Wasu samari suka biyo ta har layin masu fura suna roƙo. Ba ta waiwaya ba.

Kafin magariba labarin ya riga ta zagaye unguwa. Mai unguwa ya aiko a kira Sanusi. Lauratu ba ta shige ɗaki ba. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, inda mai shigowa zai fara gani, ta ɗauko hularta tana ɗinki.

Baba ya yi sallama. Ta kawo masa ruwa, ta durƙusa. Ya sha, ya ajiye kofin. Sanusi ya shigo a bayansa ya raɓe jikin rumbu, Inna tana bakin murhu.

"Kin shiga."

"Na shiga, Baba."

"An ce har dariya kika yi."

"Na yi."

"Mai unguwa ya rufe siton sati biyu. Ni kuma ga tawa. Daga yau hannunki ba ya ƙara taɓa zaren nan. Ko guntunshi na gani a gidan nan, wuta zan sa mishi."

"Baba, don Allah," Sanusi ya ce, "in ba ita, wa zai..."

"Ba da kai nike ba."

Baba ya mai da ido kanta, ya jira. Kowa a gidan ya san abin da yake jira, kalma biyu ce, kuma da ta faɗe su watakila zuwa sati ya sauko. Inna ta daina juya miya. Lauratu tana durƙushe, idonta a kan tabarma.

"Na ji, Baba," ta ce.

Ya ƙara jira. Ba ta ƙara komai ba. Can ya ɗauki butarsa ya fita masallaci.

Sanusi ya zo ya tsuguna gabanta. "Mi zai ragu a jikinki in kin ce kin tuba?"

Ta zura zare a allura, ta ja. "Ban tuba ba ne, Yaya."